Mai Ƙwarya a Bayan Naira Goma: Yadda Masu Zane Ke Kallon Makiyaya



Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Doka da hantsi zai ga matan Fulani suna shigowa birnin Zazzau da ƙoren nono a ka. Wanda bai tsaya ba, ya juya naira goman da ke aljihunsa: su ne a bayanta tun 1979. Alvan Ikoku na gaba da sunansa a rubuce, su kuwa ba suna. Wannan takarda a kan wannan rashin sunan take.

Jamus ta riga mu shan wannan ruwa. Otto Mueller (1874 zuwa 1930) ya shiga ƙungiyar masu zane ta Die Brücke a 1910, masu salon da ke fifita abin da zuciya ta ji a kan abin da ido ya gani. Ya yi ta zuwa ƙasashen Balkan da Hungari yana zama cikin 'yan ƙabilar Romani, masu yawo da keken doki. A 1927 ya fitar da zane tara masu launi a kansu: mata masu dogayen fuskoki da manyan idanu, uwa da goyo, tanti, akuya. Zanen ya yi kyau, ba gardama. Sai dai babu ɗan sandan da ke korarsu daga gari a ciki, alhali jihar Bavariya ta Jamus ta kafa dokar takura musu tun 1926. Kyawun bai kare kowa ba. A 1937 'yan Nazi suka kwashe ayyukan Mueller daga gidajen tarihi da sunan gurɓataccen zane, kuma a daren 2 ga Agusta 1944 aka hallaka dubban 'yan Romani a sansanin Auschwitz.

Wani mai zanen Jamus, Otto Pankok, ya bi wata hanya. Daga 1931 ya zauna da 'yan Sinti, wani reshe na Romani, a unguwar Heinefeld ta Düsseldorf, yana zana su da gawayi ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya tsaya wa waɗanda suka tsira.

A nan gida, sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ya taso daga Ibadan zuwa Zariya a 1955. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ce a daina kwaikwayon Turawa ido rufe, a zana gida. Abin yabo ne. Amma gidan da aka fi zanawa daga Arewa tun lokacin shi ne hawan sallah da budurwa mai ƙwarya, har suka zama kayan rataye a otal. 

Ba a ce halin Fulani ɗaya ne da na 'yan Romani ba. Abin da ya yi kama shi ne idon mai zane. Ina hoton burtalin da gona ta cinye? Ina na makiyayin da aka kore wa shanu, ko yaron ruga a makarantar da hukumar ilimin makiyaya ta 1989 ta buɗe, ko matar da madarar gari ta karya wa kasuwa?

Daga jami'ar da ke Samaru zuwa rugagen Shika da Giwa ba tafiyar kwana ba ce. Kiran wannan takarda ga ɗaliban zane shi ne su je, su gaisa da arɗo, su nemi izini, sannan su rubuta sunan wadda suka zana a ƙasan hoton.