Daga Gida Zuwa Aji: Wahalar Sufuri a Kano da Kewayenta



Ƙungiya ta ɗora mana nauyin yin magana a kan wani al'amari da wasu za su ga bai kai a tara jama'a dominsa ba, wato yadda muke barin gidajenmu da safe mu iso makaranta, da yadda muke komawa da yamma. An saba a irin wannan zaure a yi ta tattauna siyasar duniya da makomar ƙasa, kuma babu laifi a cikin haka. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Kurna ko Na'ibawa da ƙarfe bakwai na safe, lacca kuwa ƙarfe takwas, ya san cewa akwai siyasa a cikin wannan tsayuwa. Abin da muke so mu nuna yau shi ne, wannan wahala tana da tarihi, tana da waɗanda suke biyan kuɗinta, tana kuma da magani.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Yawancinmu ba a ɗakunan kwana na makaranta muke zaune ba. Muna fitowa daga Hotoro da Mariri, daga Rijiyar Lemo da Bachirawa, daga Sheka da Panshekara da Birget. Wanda zai je sabuwar jami'a ta titin Gwarzo daga gabashin gari, da wuya abin hawa ɗaya ya kai shi. Zai hau ya sauka a Bata ko 'Yankura, ya sake hawa zuwa Kabuga, a can kuma ya shiga sahun masu jiran na uku. A kowane zango akwai ciniki, domin kuɗin safe daban, na yamma daban, na ranar ruwa kuma sai abin da direba ya faɗa. Akwai rigimar canji. Akwai direban da zai ce can za shi, sai an yi rabin hanya ya ga fasinjojinsa sun ragu, ya ce a sauka a nemi wani.

To, mu yi ɗan lissafi. A ce ɗalibi yana ɓata awa 2 kowace rana a kan hanya, zuwa da dawowa, kwana 5 a mako, mako 15 a zangon karatu. Awa 150 ke nan. Darasin da ake koyarwa awa 3 a mako, awa 45 yake ci a zango guda. Ashe ke nan ɗan'uwanmu yana ba titi lokacin da ya fi na darasi uku, ba tare da an rubuta masa maki ko ɗaya ba. Ranar jarrabawa kuwa, takarda ɗaya za a ba shi da wanda ya tashi daga ɗakin kwana ya taka minti goma, ko wanda aka sauke a ƙofar aji da motar gidansu.

Yaya aka yi muka iso nan? Kano ta daɗe da fita daga cikin ganuwarta. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911 aka fara samun sababbin unguwanni da kamfanoni a wajen badala. A farkon shekarun 1960 an zana wa birnin tsarin bunƙasa na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da sunan Trevallion. Wa'adinsa ya cika fiye da shekara 40 da suka wuce, gari kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Ƙidayar 2006 ta nuna kimanin mutum miliyan 2.8 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewaye, wato Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Tun daga lokacin gonaki nawa ne suka zama unguwanni? Gidaje sun yi nisa, amma manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa suna nan a tsakiya, saboda haka kowace safiya gari duka yana kwarara wuri ɗaya ta 'yan hanyoyi ƙalilan, da yamma kuma ya juyo.

Iyayenmu suna ba da labarin zamanin bas da tasi. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sayen mota da kayan gyaranta ya gagari masu haya da yawa, sai babur ya cike gurbi. Haka acaɓa ta mamaye gari. A 2005, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da babura masu ƙafa uku, da nufin sama wa mata abin hawa na mutunci, kuma daga shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu suka samo sunan da muke kiransu da shi har yau. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a kan babur. Cikin ɗan lokaci 'yan acaɓa da yawa suka koma tuƙa A Daidaita Sahu, abin da aka kawo domin mata ya zama abin hawan kowa da kowa.

Jama'a, a lura da abu ɗaya a cikin wannan tarihi. Duk lokacin da aka shiga matsi, ƙaramin abin hawa muke musanyawa da wani ƙaramin. A Daidaita Sahu mutum uku take ɗauka a baya, in an matsa a ƙara na huɗu a gefen direba. Babbar bas guda tana iya kwasar mutum 60. Wato kafin a kwashe mutanen bas ɗaya, sai an sa 'yan sahu 15 ko 20 a kan titi, kowannensu da hayaƙinsa, kowannensu yana tsayawa inda ya ga hannu. Cunkoson da muke gani a Ƙofar Mata da Bata da Kwanar Dawaki daga nan ya samo asali. Birnin miliyoyin mutane ne ake jigilarsa da cokali.

Raunin wannan tsari ya sha bayyana. A watan Fabrairu na 2021 'yan sahu suka yi yajin aiki a kan harajin naira 100 na kullum, a watan Janairu na 2022 kuma suka sake yin wani a kan kuɗin sabunta rajista. Duk wanda yake Kano a waɗannan kwanaki ya ga ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan makaranta suna tattaki a ƙasa, wasu a bayan motocin ɗaukar kaya, har wasu manyan makarantu suka ɗage jarrabawa. A watan Yuli na 2022 aka hana su aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe saboda dalilan tsaro. A farkon 2023 ƙarancin takardun kuɗi ya sa mai kuɗi a banki ya rasa na mota a aljihu. Sannan ranar 29 ga Mayu, 2023, aka yi shelar janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haye naira 1,000. Mun san 'yan ajinmu da suka fara zaɓen ranakun zuwa makaranta, suna auna wace lacca ce ta cancanci kuɗin mota.

A nan ya kamata mu yi adalci. Da sauƙi mu ɗora laifi duka a kan ɗan sahu, tunda shi muke gani. Gaskiya ne akwai masu tuƙin ganganci a cikinsu, da masu karya dokar danja, da yaran da ba su isa riƙe kan abin hawa ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawansu ba su ne masu abin hawan ba. Kullum akwai balas ɗin da za su kai wa mai shi ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ga mai, ga bakanike, ga haraji, ga tara idan sun faɗa hannun jami'an KAROTA, hukumar da aka kafa a 2012 domin kula da zirga-zirga. Mutumin da aka ce abincin gidansa ya dogara ga yawan kan da ya ɗauka kafin magariba, dole ya yi rige-rige, dole ya tsaya a tsakiyar titi. Wasu daga cikinsu ma 'yan'uwanmu ne ɗalibai, masu tuƙi da yamma su biya kuɗin makaranta, wasu kuma sun gama karatun, takardunsu na ajiye a gida.

Gwamnatoci kuma ba za a ce sun naɗe hannu ba. Daga gadar Ƙofar Nasarawa zuwa ta Sabon Gari, daga gadar ƙasa ta Kabuga da Gadon Ƙaya zuwa mahaɗar Dangi da ta Hotoro, an zuba dukiya mai yawa, kuma wasu wuraren sun sami sauƙi. Sai dai gada tana amfanar abin hawan da ya riga ya ɗauki mutum, ba ta ƙara wa mai jira a bakin titi kujera ko ɗaya. Mai mota ya haye sama ya wuce, ya tarar da cunkoson a shataletale na gaba. Mai tafiya a ƙasa kuwa, sau da yawa titin ya ƙara masa faɗi, tsallakawa ta ƙara wuya. Mu tambayi kanmu: a titunan da muke bi kullum, nawa ne suke da gefen da mutum zai taka ba tare da ya shiga kwata ko ya yi karo da teburin mai sayarwa ba? Tashoshi nawa ne suke da rumfar da za ta kare mutum daga ranar bazara ko ruwan Agusta?

Nauyin nan kuma bai faɗo a kan kowa daidai ba. 'Yar'uwarmu da laccarta ta kai magariba tana da damuwar da namiji bai sani ba: da wa za a haɗa ta a kujera, ko direban nan abin amincewa ne, me za ta ce a gida idan dare ya yi. Mun san iyayen da nisan hanya kaɗai ya sa suka yi shakkar barin 'ya'yansu mata su ci gaba da karatu. Mai lalurar ƙafa da keken guragu, wane ɗan sahu ne zai tsaya masa da safe alhali ga masu lafiya suna rububi? Tsoho da mai juna biyu da mai kai mara lafiya asibiti, duk a wannan sahu suke.

Magani ba ɓoyayye ba ne, kuma ba sai mun tafi Turai nemansa ba. A watan Maris na 2008 jihar Legas ta buɗe layin manyan bas daga Mile 12 zuwa CMS, ta keɓe musu gefen titi nasu na kansu, da tashoshi sanannu da tikiti mai tsayayyen farashi. Abin lura shi ne ba ta kori tsofaffin direbobi ba, ƙungiyarsu ta shiga cikin tafiyar da bas ɗin tun farko. A watan Satumba na 2023 kuma jirgin ƙasa na cikin gari ya fara ɗaukar fasinja a can. Legas ba ta rabu da cunkoso ba, amma ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne a ƙasar nan. Kano kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, babu teku, manyan hanyoyinta na Zariya da Katsina da Gwarzo da Haɗeja da Maiduguri duk sun nufi tsakiya kamar yatsun hannu. Idan manyan bas suka riƙe waɗannan hanyoyi a kan lokaci, 'yan sahu suka riƙe aikin kai mutane daga lunguna zuwa tasha, kowa zai sami abinci, titi kuma ya numfasa. An sha sayo motoci a ƙasar nan, tun shirin sufurin jama'a na Gwamnatin Tarayya na 1988, a yi bikin ƙaddamarwa, bayan 'yan shekaru a gan su a jibge babu taya. Sayen bas shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Mai wuyar shi ne hukuma mai ɗorewa, da garejin gyara, da asusun da ba a taɓawa, da tsarin da sabuwar gwamnati ba za ta watsar ba don kawai ba ita ta fara shi ba.

Mene ne namu a ciki? Muna ba ƙungiya shawara uku. Na farko, mu daina kuka da baki kawai, mu tattara hujja. Muna da ɗaliban nazarin ƙasa da tsara birane da lissafi da injiniya. A raba takarda a kowane sashe, kowa ya rubuta unguwarsa, da sau nawa yake canza abin hawa, da abin da yake kashewa na kuɗi da na lokaci. Cikin zango guda za mu sami taswirar da za a iya ajiyewa a gaban kowane mai mulki. Na biyu, ƙungiya ta zauna da hukumar makaranta a kan ƙarin motocin ɗalibai, da duba lokacin laccar sassafe da ta yamma, ta kuma zauna da shugabannin direbobi a tsayar da farashi sananne a hanyoyin da muka fi bi. Na uku, mu gyara namu halin. Mu bi layi, mu bar wa mata da tsofaffi da masu lalura wuri, kada mu tsayar da direba a inda muka san doka ta hana, sannan mu zage shi idan ya tare hanya.

'Yan'uwa, a cikin zauren nan akwai waɗanda gobe za su zama kwamishinoni da injiniyoyi da manyan sakatarori. Ranar da aka ba ku mota da direba, gilashi a rufe, sanyi yana kaɗawa, za ku bi ta Kabuga ku ga wasu yara da littattafai a hannu suna ɗaga wa 'yan sahu hannu. Roƙonmu shi ne ku tuna lissafin awa 150 ɗin nan, ku tuna cewa an san maganin abin tun kuna ɗalibai.