Kwangilar Abincin Soja: Jawabi Ga Manoma Da Fataken Hatsi Na Funtua Da Malumfashi

Soja ba harsashi yake ci ba, tuwo yake ci. Barikin Zariya, inda ake horon kurata tun 1924, ba ya rabuwa da bukatar masara da wake, ga su kuwa jibge a kasuwannin Funtua da Bakori da Dandume.

To, amma Gwamnati ba ta ciniki da baki. Dokar sayayya ta 2007, a lokacin da aka kafa ta, ta ware makamai da kayan asirin tsaro, waɗannan ba ruwan falke da su. Wanda ke neman kwangila sai ya yi wa kamfaninsa rajista, ya kawo shaidar biyan haraji ta shekara 3, sa'an nan ya rubuta farashinsa, ya like ambulan, ya kai kafin ranar rufewa. Takardar da ta makara ba a duba ta.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne wajen farashi. Mutum ya yanka kuɗi da kaka, hatsi na araha, a ce ya kawo kaya da damina, buhu ya yi tsada. Ga kuɗin mota, ga jiran biya, manoman da suka ba shi bashi kuwa suna zaune a zaurensa.