Ba Kowane Ƙuda Mai Cizo Ba Ne Tsando

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai fataucin shanu a Kara, nan cikin garin Sakkwato. Ya ce dabbobinsa da suka yi rani a kudu sun dawo a rame, makiyayi ya ce masa sammore ne, tsando ya cije su. Yana so ya sani, shin ƙudan da ke damun shanu a nan gida shi ne tsandon, ko kuwa dabam yake?

To Alhaji, dabam yake. Masana sun kasa ƙudaje gida-gida, kamar yadda ake kasa zuri'ar mutane. Gidan tsando ƙarami ne ƙwarai, ana ce masa Glossinidae, kuma iri ashirin da 'yan kai ne kawai a cikinsa, kusan dukkansu a Afirka kudu da Sahara. An sake raba su kashi 3 bisa ga mazauninsu: na dajin itatuwa, na bakin rafi mai duhuwa, da na kurmi. Mu nan arewa, na bakin rafi da na daji su ne abin tsoronmu. Ƙasar Sakkwato kuwa zafi da bushewa sun yi masa yawa, shi ya sa galibi sai dabba ta gangara kudu take gamuwa da shi.

Gane shi ba wuya. In ya sauka, yakan ɗora fukafukinsa ɗaya bisa ɗaya kamar almakashi a rufe, bakinsa kuma na miƙe gaba kamar allura. Ƙudan gida ba ya haka. Kuma mace da namiji duk jini suke sha, ba kamar sauro ba da macen kaɗai ke cizo.

Amma abin da ya raba shi da saura shi ne haihuwa. Ƙudan gida na zuba ƙwai ɗari ko fiye a juji lokaci guda. Ita macen tsando ba ta yin haka sam. Ƙwai ɗaya tak ke ƙyanƙyashewa cikin cikinta, ta riƙa ciyar da tsutsar da wani ruwa mai kama da nono, ikon Allah ke nan. Bayan kamar kwana 9 ko 10 sai ta haife ta a inuwa, inda ƙasa ke da laushi. Nan take tsutsar ta nutse cikin ƙasa, ta yi wajen wata guda, sannan ta fito ƙuda. Duk rayuwarta da wuya ta haifi fiye da 10.

Wannan ƙarancin haihuwa shi ne lagonsa. Kowace mace da aka kashe, an yi masa babban rashi. Tun da yana son shuɗi da baƙi, ana kafa masa tarko na ƙyalle mai waɗannan launuka a mashaya. Tun a 1947 aka kafa cibiyar binciken wannan cuta a Kaduna, a tsibirin Unguja na Zanzibar kuwa an kawar da shi ƙaf a 1997.

Shi kansa cizon ba shi ne ciwon ba. Wata ƙwayar cuta ce yake ɗaukowa daga jinin dabba mai ciwo ya zuba wa mai lafiya; a mutum, danginta ke kawo ciwon barci. Alamun sammore su ne zazzaɓi, rama, kaluluwa, hawaye da ƙarancin jini. Gudali da Bunaji ba sa jure masa kamar Muturu, 'yan gajerun shanun kudu.

Shawarata, Alhaji, kada ka sayi allura a bakin kasuwa ka tsira da kanka. Magani irin su Berenil da Samorin na aiki, amma in aka rage awo, cutar kan saba da shi har ya daina kama ta. Sannan ba kowace rama ce sammore ba, tsutsar ciki da ta hanta su ma na ramar da dabba. Kai su wurin likitan dabbobi a duba jini tukuna. Ka kuma gaya wa makiyayinka ya rage tsayawa da garke cikin duhuwar bakin rafi.

Sai kuma mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.