Ɗan aiken intanet: wa yake yi wa aiki?

 Hirarmu ta yau a kan furoksi ce.

In ka buɗe shafi a salularka, saƙo yana tashi daga wajenka zuwa babbar na'urar da ke riƙe da shafin, ɗauke da lambar da ke nuna daga inda ya fito. Furoksi na'ura ce mai tsayawa tsakani. Ɗan aike ke nan: ka ba shi saƙo, ya kai, ya komo maka da amsa. Mai shafi shi yake gani, ba kai ba.

Amma ba kowane ɗan aike ne naka ba. Akwai wanda ma'aikata ko makaranta ke sawa bakin ƙofa: yana ajiye shafin da wani ya riga ya buɗe don na baya ya samu da sauri, yana kuma tare inda aka hana shiga. Sau da yawa ba ka ma san da shi ba. Akwai na mai shafi, irin na kamfanin Cloudflare, mai tarbar baƙi da korar maɓarnata.

Wanda da yawanku suka mora ba su sani ba shi ne Opera Mini, da ya fito daga ƙasar Norwe a 2005. Na'urorin kamfanin ke ɗauko shafi, su matse shi, kana su aiko maka, kuɗin rezo su jima ba su ƙare ba. Tor kuwa ƴan aike uku yake jerawa: na farko ya san ka, bai san inda ka nufa ba, na ƙarshe ya san wurin, bai san ka ba.

To, ga inda za ku buɗe kunne. Furoksin kyauta da ake yaɗawa, wa ke biyan wutarsa? In adireshin shafi bai fara da https ba, wasiƙarka buɗe take: ɗan aike yana iya karantawa, har ya canza. Ko da https, ya san gidan da ka je. Opera Mini ma, in ka sa shi matsewa mai yawa, sai ya buɗe wasiƙar kafin ya matse. Don haka lambar sirrinka ta banki kada ta bi hannun wanda ba ka san ubangidansa ba.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa.