Baturiya da Haɗeja: Ziyara Ɗaya, Darasi Biyu



A cikin jiharmu ta Jigawa, a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, akwai dausayin Baturiya, wanda aka sa a jerin dausayin duniya na Ramsar a 2008. Idan kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, tuddan wurin sai su koma tsibirai, masunta na ratsa su da kwalekwale. Da sanyin hunturu kuma, tsuntsaye kan taso tun daga Turai su sauka nan, ka ga dinya da agwagin ruwa sun rufe tafki.

A hanyar zuwa, a tsaya a Haɗeja. Nan Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawan Ingila a 1906, ya yi shahada tare da jarumansa.

Sai dai a Baturiya, madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke rayar da dausayin, ciyawar kacalla na toshe hanyoyin ruwa, masu sare itace na cinye dajin.

Shugabannin makarantu, ku kai ɗalibai wannan hunturun. Gani ya kori ji, kuma yaron da ya ga Baturiya da idonsa shi zai kare ta gobe.