Tsamin Jiki da Taurin Tsoka: Yadda Ake Auna Su

Mai girma shugaban taro, malamanmu iyayenmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, an umarce ni in yi bayani a kan abin da atisaye mai tsanani yake yi wa tsokar ɗan wasa, da yadda ake auna shi.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a gonakin Gantsa ranar noman farko ya san tsamin jiki. Abin lura shi ne, ba ranar yake zuwa ba. Sai an kwana ɗaya, ya kuma yi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72. Da can ana ɗora laifin a kan wani sinadari mai tsami da ke taruwa a tsoka lokacin gudu, amma wannan sinadari yakan washe cikin kamar awa guda. Tun a 1902 wani masani a Amurka, Theodore Hough, ya danganta ciwon da 'yan ƙananan yagewa a cikin tsokar. Sun fi faruwa idan tsoka tana miƙewa alhali tana ɗauke da nauyi. Shi ya sa wanda ya gangaro da gudu daga kan duwatsun Dutse ya fi wanda ya hau jin jiki washegari.

To, yaya ake aunawa? A manyan asibitocin duniya akwai na'urar hoto, dangin wadda ake duba mai juna biyu da ita, tana aika 'yar girgiza cikin tsoka. Gwargwadon taurin tsokar, gwargwadon saurin girgizar. Akwai kuma Myoton, ƙaramar na'ura da aka ƙirƙiro a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya, tana ɗan ƙwanƙwasa tsoka ta auna yadda take amsawa. Waɗannan na'urori sun nuna cewa abin da mutum yake ji da abin da ma'auni ya faɗa ba kullum suke dacewa ba. Kuma ba duk tauri ne cuta ba, domin agara mai ɗan tauri tana taimakon mai gudu, tana dawo masa da ƙarfin takunsa kamar roba.

Makarantunmu na karkara ba su da irin waɗannan, amma suna da rula. Akwai gwajin da Wells da Dillon suka fito da shi a 1952: yaro ya zauna ya miƙe ƙafafu, tafinsa jingine da akwati, ya sunkuya ya miƙa hannu, a rubuta santimita nawa ya kai. Gaskiya ne sassauci yake aunawa, amma ya isa ya farkar da malamin wasanni. A auna kafin a fara shirin gasar gidaje, a sake bayan kwana biyu, lokaci ɗaya, bayan an ɗumama jiki. A gwada yaro da kansa, kada a gwada Audu da Tanko. Idan adadinsa ya ja baya sosai kuma yana ɗingishi, hutu yake bukata, ba bulala ba. Ni dai ina ganin kalmar "raki" ta kashe wa yara da yawa sha'awar wasa.

Abu ɗaya kuma ba ya jiran rula. In yaro ya sha atisaye a zafin bazara, tsoka ta kumbura, fitsarinsa ya koma kalar shayi, alama ce naman tsoka yana narkewa cikin jini, kuma yana iya taɓa ƙoda. A ba shi ruwa, a kai shi asibiti Dutse ko Birnin Kudu a ranar.