Dasin Hausa Da Mambila: Ina Aka Kwana?

 

Ni mutumin Bako ne, cikin Yola, kuma batun da na kawo gabanku na gida ne, ko da yake ruwansa yakan iso har nan Kudu.

A 1977 ne Kamaru ta soma gina madatsar ruwa ta Lagdo a kan Kogin Binuwai, sama da garin Garwa, ta kuwa gama a 1982. Tun a wancan lokaci masana suka hango cewa duk ranar da madatsar ta cika aka buɗe ƙofofinta, a kanmu ruwan zai sauka. Saboda haka aka tsara gina wata a Dasin Hausa, cikin ƙasar Fufore, wadda za ta tare ruwan, ta ba da wutar lantarki wajen megawat 300, kana a yi noman rani da ita. A zamanin nan Jihar Gongola ake cewa. An raba Gongola a 1991, yaran da aka haifa a shekarar sun yi aure sun hayayyafa, amma Dasin Hausa shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

Ambaliyar 2012 ta ci rai 363 a faɗin ƙasa, ta raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ta 2022 ta ci fiye da 600. Ba na cewa Lagdo kaɗai ce sanadi, domin ruwan sama da Kogin Kwara ma suna da nasu kaso. To, amma ku fatake ba sai na tuna muku yadda ruwa ya shafe hanya a Koton Ƙarfe a 2022 ba, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye, kayan gwari ya ruɓe, shanu suka rame a cikin mota. Wannan hasara ba ta shiga littafin kwangila, a aljihunku take.

Daga Yola in aka nufi kudu aka hau tsaunin Mambila, cikin Jihar Taraba, can kuma akwai wani aikin da kuɗinsa ke girma alhali shi bai tsiro ba, watau tashar lantarki ta Mambila. A 2007 an ba da kwangilarta a kan dala miliyan 1,400 da 'yan kai. A 2017 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da dala miliyan 5,792 domin megawat 3,050. A shekarar dai kamfanin Sunrise, wanda ya ce shi aka fara bai wa aikin a 2003, ya kai ƙara gaban masu sulhu a birnin Paris yana neman diyyar fiye da dala miliyan 2,000. A 2021 aka rage aikin da kusan rabi. A farkon 2025 tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Obasanjo da Buhari, suka je Paris ba da shaida a kan tashar da ba ta taɓa kunna ƙwai ɗaya ba.

Yadda abin yake tafiya ba ɓoyayye ba ne. Ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami, ya kafa allo, ya kawo katafila biyu. Gwamnati ta tsai da biya. Kafin a waiwayo siminti da rodi sun tashi, sai ya dawo da takardar neman ƙari. Sabuwar gwamnati ta zo ta soke, ta bai wa wani, na farko ya garzaya kotu. Ana wannan kwan-gaba-kwan-baya naira kuma tana narkewa: a 1982 dala ba ta kai naira ɗaya ba, a 2024 ta haura naira 1,500. Alhali kuwa injunan madatsa da dala ake sayo su.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Idan Allah ya kai mu Salla kuka je gida, musamman ku mutanen Yola, Jimeta, Fufore da Numan, ku tafi a ƙungiyance wurin wakilanku na Majalisar Tarayya. Ku tambaye su nawa aka rubuta wa Dasin Hausa cikin kasafin kuɗi, nawa aka saki, kuma wa ya karɓa. Ku nemi amsar a rubuce, domin a karanta wa waɗanda ba su sami zuwa ba.